Yadda ake kafa katakon bango da zai ɗauki dandamalin katako

Duk dandamalin katakon da aka jingina da gini, ko na shan iska ne a bayan gida ko benen ajiyar kaya a cikin shago, kusan rabin nauyinsa yana kan katako guda ne: wanda aka ɗaure a kwance a jikin bango, sauran katakan suka rataya a jikinsa. Idan ya saki bango, komai ya taho ƙasa lokaci ɗaya. A Amurka, inda irin wannan dandamali ya zama ruwan dare, dokar gina gidajen zama ta hana a kafa shi da ƙusa kaɗai. Ƙusa zarewa take yi a hankali, ba ta kuma ba da sanarwa.

Kafin ka sayi komai, ka san bangon da za ka yi aiki a kai. Bangon laka ba a rataya masa nauyi, sai dai ka kafa ginshiƙai a gefensa dandamalin ya tsaya da ƙafafunsa. Bulon siminti kuwa cikinsa rami ne, notin da ke buɗewa a cikin huji ba ya samun abin kamawa a nan. Ko dai ka nemi inda kankare yake, wato linta ko fila, ko ka huda bangon gaba ɗaya, ka zura dogon noti ya ɓulla ta baya, ka sa masa farantin ƙarfe mai faɗi. Idan bulon mai inci 6 ne, ko wanda aka yi wa rowar siminti har yana marmashewa a hannu, ni dai shawarata ka koma kan ginshiƙai. Ka kuma tambayi mai gida ta inda wayar lantarki da bututun ruwa suka bi.

Katakon ya zama mai tauri kuma busasshe, irin maɗaci ko loko, kaurin inci 2, faɗin inci 8, kada kuma ya gaza faɗin katakan da za su rataya a jikinsa. A shafe shi da maganin gara ta kowane gefe, musamman bayansa da ba za a sake gani ba.

Sai awo. Ka yi alama a inda kake son saman dandamalin ya tsaya, ka rage kaurin allunan da za a shimfiɗa, nan ne saman katakon bangon zai zauna. Ka kai alamar ɗaya ƙarshen da tiyo mai ruwa a ciki, domin ƙaramin lebur, abin gwada daidaiton layi, yakan yaudari mutum a dogon bango. Ka ja layi da igiya mai alli.

Hujin noti a ƙasa ake yinsa, kafin a ɗaga katako. Noti mai kaurin milimita 12, layi biyu, in wannan noti na sama, na gaba da shi ya zama a ƙasa, kada su jeru a layi guda su tsaga katakon. Ka bar inci 2 daga gefen sama da kuma kowane ƙarshe. Tazarar notin ta danganta da tsawon katakan da za a ɗora. A dokar Amurka, inda katako ake ɗaurewa a jikin katako, tsawon ƙafa 6 na neman tazarar inci 30, ƙafa 12 kuwa inci 15. Amma lissafin nan na gidan zama ne, kimanin kilo 195 a kan kowace murabba'in mita. Buhun shinkafa huɗu masu kilo 50 sun riga sun wuce shi. Don haka mai shagon da zai jibga kaya ya kira injiniya, kada ya bar wa kafinta shi kaɗai.

Mutum biyu su ɗaga katakon zuwa layin, a tokare shi da sanduna, ka sa alama a bango ta cikin hujojin, a sauke, ka huda. Ka hure ƙurar cikin hujin sosai, noti ba ya kama ƙura. A mayar da katakon, ka fara ɗaure na ƙarshe biyu, ka sake duba lebur, sannan sauran. Kowane noti da washa, a ɗaure har washar ta zauna daram, ba ta nutse cikin katako ba.

In a waje ne, ruwan damina zai bi bango ya shige bayan katakon ya ruɓar da shi ta inda ido ba ya kaiwa. Ka yanko kwano, ka cusa bakinsa a tsagin da ka yi a filasta, ka lanƙwaso shi ya rufe saman katakon. Notin ma ya zama wanda ba ya tsatsa.

Katakan da za su ɗauki allunan a jera su tazarar inci 16. Kada ka soke su da ƙusa a karkace ka ce an gama. Kowanne ya zauna a cikin mariƙin ƙarfe da aka ɗaure a jikin katakon bangon. In babu a kasuwa, mai walda zai haɗa maka da ƙarfe mai kusurwa. Ɗaya ƙarshen nasu ya hau gungumen da ginshiƙai suka ɗauka. Kafin ka shimfiɗa alluna ka bi notin ɗaya bayan ɗaya da sifana, ka sake bi bayan wata biyu ko uku, domin katako na ƙanƙancewa in ya sha iskar hunturu.