Yadda Ake Tantance ko Bak-aksil Mai Saurin Sauya Giya Ya Dace da Motarka

Bak-aksil ɗin da Amurkawa ke kira quick-change ya yi suna ne tun bayan da Ted Halibrand ya kafa kamfaninsa a jihar Kalifoniya a 1947, kuma har yau kamfanoni irin su Winters da Frankland suna ƙera shi. A cikinsa farfela ba ta juya ƙaramar giyar finiyon, wadda ke juya babbar giyar cikin aksil, kai tsaye. Wani sandan ƙarfe ne ke bi ta ƙasa ya ɓulla baya, inda giya biyu ke haɗe, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a bayan murfi; sandan yana juya ta ƙasa, ita ta juya ta sama, wadda ke juya finiyon. Waɗannan biyun su ake sauyawa cikin 'yan mintuna.

Mataki na farko shi ne ka faɗa wa kanka gaskiya game da aikin da motar za ta yi. An yi wannan aksil ne domin masu tseren zagaye a filin ƙasa da masu neman gudu a filin gishiri na Bonneville da ke jihar Yuta, waɗanda kowane fili ke neman tasa giyar. Idan motarka ta titi ce da kake kai ta filin tsere jefi-jefi, zai yi maka amfani. Idan kuwa giya ɗaya za ka zauna a kai shekara da shekaru, kuɗinka kawai za ka zubar.

Sai lissafi, kuma a nan ne daɗin abin yake. Ka raba yawan haƙoran giyar sama da na giyar ƙasa, sannan ka ninka sakamakon da lambar babbar giyar ciki, wadda galibi 4.11 ce ko 4.86; abin da ka samu shi ne yawan juyin farfela kafin taya ta juya sau ɗaya. A ce taka 4.11 ce, kana da giya mai haƙora 25 da mai 21. In ka ɗora mai 25 a sama za ka sami 4.89, wadda ke fizgar mota da ƙarfi daga tsaye. In ka musanya musu wuri sai ta koma 3.45. Da taya mai tsayin inci 28, a gudun mil 60 cikin awa, wato kusan kilomita 97, injin zai riƙa juyawa kimanin sau 3,520 a minti da ta farkon, amma da ta biyun bai kai 2,500 ba. Ma'ana, ka tafi fili da giyar tafiya, ka juya su ka yi tsere, ka mayar ka koma gida ba tare da injin ya sha wahala ba.

Kafin ka biya ko sisi, ka shiga ƙarƙashin motar da abin awo. Murfin aksil ɗin yana turowa baya sosai, kuma sau da yawa yakan ci karo da tankin mai ko ƙarfen da ya gitta shasi, musamman idan motar ta faɗa rami ta dunƙusa.

Daga nan ka auna ƙarfin injinka da irin tayar da za ka sa, domin a nan ne nake ganin mutane suka fi ruɗar kansu. A tseren miƙaƙƙen layi na kwatan mil, wato mita 402, duk azabar tana sauka ne a daƙiƙar tashi, lokacin da tayar tsere mara zane ta manne da kwalta. Wannan bugun sai ya ratsa sandan ƙasa da giyar nan biyu kafin ya kai ga taya, kuma kowace ƙarin mahaɗa tana cin ɗan ƙarfi, tana ƙara zafi, tana kuma zama wurin karyewa. Shi ya sa mafi yawan masu wannan tsere suka rungumi aksil ɗin Ford mai inci 9, wanda aka ƙera daga 1957 zuwa 1986 kuma kayan gyaransa suka cika kasuwa. Motar da ke da matsakaicin ƙarfi da tayar titi za ta zauna lafiya da mai saurin sauyawa. Wadda ke ɗaga ƙafafun gaba in ta tashi, gara ta nemi na Ford.

Idan ka yanke shawarar sakawa a motar titi, ka guji ƙarfen da ke kulle tayoyin baya su juya tare, domin a kwana zai riƙa jan taya yana cinye ta. Ka nemi wanda ke barin ɗaya ta ɗan fi ɗaya gudu. Ka kuma san cewa giya mai miƙaƙƙun haƙora tana kuka kamar jiniya. Wasu don wannan kukan ma suke saye, amma wanda zai yi doguwar tafiya ya nemi mai karkatattun haƙora.

Ranar sauyi, ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka bar ƙarfen ya huce, ka tara kwano domin man giya zai zubo da zarar ka kwance notocin murfin. Ka zare giyar biyu, ka duba haƙoransu da boris ɗin murfin, ka sa sababbin, ka tabbatar gasket ɗin bai yage ba, sannan ka ɗaure notocin bi da bi. Kada ka tayar da motar sai ka cika man ya kai bakin ramin awo.