Yadda Za Ka Yi Idan Sunanka Ba Ya Yi Maka Daɗi

Babu kalmar da mutum yake ji a tsawon rayuwarsa kamar sunansa na yanka, alhali kuwa ba a nemi shawararsa ba kafin a raɗa masa shi. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1995 ya nuna cewa jariri ɗan wata huɗu da rabi yana iya bambanta sautin sunansa da sauran sunaye, wato tun kafin ya iya zama da kansa. Kafin wannan, a 1959, wani masanin halayyar ɗan Adam a Ingila mai suna Neville Moray ya sa mutane su saurari magana da kunne ɗaya, su yi watsi da abin da ake faɗa musu a ɗaya kunnen. Kusan duk abin da aka faɗa a wannan kunne ya wuce su, amma da aka saka sunansu a ciki, kimanin kashi ɗaya cikin uku sun ji shi. Saboda haka wanda sunansa yake damunsa ba raki yake yi ba, domin abin da ke damunsa yana shiga kunnensa sau da yawa a kowace rana, ko yana so ko ba ya so.

Matakin farko shi ne ka gano ko matsalar tana cikin sunan ne, ko kuwa tana cikin yadda kake kallon kanka. Galibin mutane suna son sunayensu fiye da yadda suke zato. A 1985 Jozef Nuttin, wani masani a ƙasar Beljiyam, ya gano cewa mutane sun fi son baƙaƙen da ke cikin sunansu a kan sauran baƙaƙe, ba tare da sun san dalili ba, kuma bayan shekara biyu ya sami irin wannan sakamako a harsunan Turai 12. A 2008 kuma Jochen Gebauer da abokan aikinsa sun nuna cewa amsar da mutum yake bayarwa idan an tambaye shi yadda yake son sunansa tana tafiya tare da yadda yake ganin ƙimar kansa. Abin da za ka ɗauka a nan shi ne, idan ƙin sunan ya zo maka ne a lokacin da komai naka ya daina yi maka daɗi, daga muryarka har fuskarka a madubi, to ka dakata da maganar canji, domin sabon suna zai tarar da damuwar tana nan inda tsohon ya bar ta.

Hanyar ganowa ba ta da wuya, haƙuri kawai take bukata. Ka ɗauki mako biyu ko uku kana lura da duk lokacin da aka kira ka ranka ya sosu, ka rubuta wanda ya kira, da wurin, da yadda ya furta. Mutane da yawa sukan yi mamakin abin da takardar take nuna musu. Wani zai ga cewa sunan yana yi masa daɗi a bakin mahaifiyarsa, a bakin maigidansa na wurin aiki ne kawai yake jin nauyinsa. Wani zai tarar cewa cikakken sunan ne ba ya so, saboda tun yana yaro ba a kiransa da shi sai idan ya yi laifi. Akwai wanda tsokanar makaranta ce ta ɓata masa sunan, akwai wanda aka sa masa sunan wani da ya cuce shi ko ya cuci mahaifiyarsa, akwai kuma wanda ya gaji da waiwayowa tare da mutum huɗu duk lokacin da aka yi kira a aji. Kowanne daga cikin waɗannan da irin maganinsa, kuma kaɗan ne daga ciki suke kai mutum gaban hukuma.

Bayan wannan sai ka nemi labarin sunan daga bakin waɗanda suka zaɓe shi, tun suna da rai. Kada tambayarka ta tsaya ga ma'ana. Ka tambayi wanda ya fara kawo sunan, da sauran sunayen da aka yi tunani a kansu aka bari, da halin da iyayenka suke ciki a shekarar da aka haife ka. Sau da yawa sunan da kake gani tsohon yayi ne yana ɗauke da tunawa da wani da suka rasa, ko wani fata da suka kasa faɗa da baki. Shahararren ɗan ƙwallon Birazil da duniya ta sani da Pele, wanda aka haifa a 1940, sunansa na yanka Edson, kuma iyayensa sun sa masa shi ne don girmama Thomas Edison, mai ƙirƙire-ƙirƙiren lantarki. Ya sha faɗa cewa yana alfahari da wannan suna tun yana yaro, kuma laƙabin Pele da abokan makaranta suka liƙa masa haushi yake ba shi a farko. Wajen neman ma'ana kuwa, ka yi hattara da shafukan intanet masu jera sunaye da fassararsu, domin da yawansu kwafar juna suke yi, kuma sukan ba kowane suna ma'ana mai daɗi ko da ba ita ce tasa ba. Ƙamus na harshen da sunan ya fito, ko wani masanin wannan harshe, ya fi su amfani nesa ba kusa ba.

Idan takardarka ta nuna cewa furuci ne matsalar, to aikin gyara ne a gabanka, kuma lokacinsa shi ne haɗuwar farko. Wanda ya bari aka yi wata shida ana karya masa suna ya wahalar da kansa, ya kuma wahalar da mai kiran, wanda zai ji kunya ranar da aka gaya masa. Ka faɗi sunan a hankali, ka rarraba shi gaɓa-gaɓa, ka nuna inda ake ja da inda ake taƙaitawa, sannan ka ci gaba da zancen da ake yi ba tare da ba da haƙuri ba, tun da ba laifi ka yi ba. Idan mutum ya yi ƙoƙari ya kusa daidai, ka karɓa, domin akwai sautukan da harshensa bai saba da su ba. Wanda ya kamata ka tsaya wa shi ne wanda bai ko gwada ba, ya yanke maka wani suna da ya fi masa sauƙi. 'Yar wasan kwaikwayon nan ta Amurka, Uzo Aduba, wadda cikakken sunanta Uzoamaka, ta ba da labarin cewa tana yarinya ta roƙi mahaifiyarta a riƙa kiranta Zoe saboda mutane sun kasa furta sunanta, sai uwar ta ƙi, ta ce mutanen da suka iya koyon furta sunayen manyan mawaƙa da marubutan Turai masu wuyar faɗi za su iya koyon nata. Barack Obama ma ya yi ƙuruciyarsa ana kiransa Barry, sai da ya shiga jami'a ya koma amfani da cikakken sunansa.

Akwai wani ɓangare da bai kamata a rufe shi da lallashi ba, wato cewa suna yana iya jawo wa mai shi asara. A 2004 masana tattalin arziki biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a biranen Boston da Shikago, inda suka aika takardun neman aiki kusan 5,000 masu ɗauke da cancanta iri ɗaya, wasu da sunayen da aka fi sani da Turawa irin su Emily da Greg, wasu da sunayen da aka fi sani da baƙaƙen fata irin su Lakisha da Jamal. Rukunin farko ya sami kiran ganawa fiye da na biyu da kimanin kashi 50 cikin 100. Wanda ya yanke shawarar amfani da wani suna a takardar neman aiki saboda irin wannan bai cancanci zargi ba, domin shi ne ya san nauyin da ke kansa. Sai dai ya kamata ya riƙe a ransa cewa aibin yana ga mai tantance takardun, kada ya koma gida yana jin haushin sunan da bai yi masa komai ba.

To idan ka bi duk waɗannan, har yanzu sunan bai zauna maka ba fa? Ka gwada wani kafin ka taɓa takardu. Mutum yana iya rayuwa da suna fiye da ɗaya ba tare da ya zama maƙaryaci ba. Nelson Mandela sunan da mahaifinsa ya sa masa Rolihlahla, malamarsa ce ta ba shi Nelson a ranarsa ta farko a makaranta, kuma a ƙarshen rayuwarsa mutanen Afirka ta Kudu sun fi kiransa Madiba, sunan zuriyarsu. Marubucin Najeriya Chinua Achebe ya ajiye Albert ya riƙe gajeren sunansa na Ibo. Ka fara duba abin da kake da shi a hannu, ko suna na biyu, ko wata gaɓa ta sunanka, ko laƙabin da wani masoyinka yake kiranka da shi. Ka gaya wa mutum biyu ko uku da ka amince da su, su riƙa kiranka da sabon na tsawon watanni. Ka sa hannu da shi a takarda, ka faɗe shi a waya, ka ji yadda yake tafiya da sunan mahaifinka. A ganina alamar da ta fi kowace ƙarfi ita ce ko kana waiwayowa idan an kira shi daga bayanka ba zato. Ka kuma guji zaɓen sunan da ake yayi a bana, domin yayi yana wucewa, kai kuma kana neman abin da za ka tsufa da shi.

Magana da iyaye ita ce ta fi nauyi, domin wanda ya zaɓi suna yakan ji kamar kyautarsa aka dawo masa da ita. Wannan nauyi daɗaɗɗe ne. An ruwaito cewa Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza wa wasu sahabbai sunaye marasa kyakkyawar ma'ana, kamar yadda ya mayar da Barra ta zama Zainab, amma da ya ce wa wani mai suna Haznu, wato mai tsauri, ya koma Sahlu, wato mai sauƙi, sai mutumin ya ce ba zai canza sunan da mahaifinsa ya sa masa ba. Jikansa Sa'idu bin Musayyib ya ce daga nan tsauri bai rabu da zuriyarsu ba. Idan za ka yi wannan magana, ka zaɓi lokacin da babu baƙo kuma babu rikici, ka fara da labarin sunan da suka ba ka, don su san ka ji dalilinsu, sannan ka faɗi naka dalilin ba tare da ka ce sun yi kuskure ba. Idan suka ce su dai da tsohon za su ci gaba da kiranka, kuma sunan ba na cin mutunci ba ne, shawarata ita ce ka bar musu.

Canji a hukumance ya danganta da ƙasar da kake. A Ingila mutum yana iya rubuta takardar shaidar canjin suna ya sa hannu gaban shaidu. A yawancin jihohin Amurka sai an shigar da buƙata gaban kotu, wasu jihohin ma sukan nemi a buga sanarwa a jarida. A Faransa, tun bayan dokar 2016, ana kai buƙatar canza sunan yanka ofishin magajin gari, tare da nuna dalili karɓaɓɓe, Jamus kuwa ta fi tsaurarawa, domin sai an gamsu cewa dalilin mai ƙarfi ne. Ko'ina kake, ka tsayar da rubutun sunan baƙi bayan baƙi kafin ka cika takarda ta farko, ka fara da katin shaidar ɗan ƙasa da fasfo, sannan banki, da wurin aiki, da lasin tuƙi. Kada ka sayi tikitin jirgi da sabon suna alhali fasfonka yana ɗauke da tsohon. Takardar da ta haɗa sunayen biyu kuma ka adana ta da kwafi da yawa, domin takardun makarantarka za su iya ci gaba da ɗaukar tsohon suna har ƙarshen rayuwarka.

Daga nan sai jiran bakin mutane ya saba, kuma a nan ma ka bambanta mai mantuwa da mai gangan. Ɗan damben Amurka Cassius Clay ya zama Muhammad Ali a 1964, amma jaridu da dama sun yi shekaru suna rubuta tsohon sunan, kuma a 1967, da abokin karawarsa Ernie Terrell ya nace da kiransa Clay, Ali ya yi ta dukansa har zagaye 15 yana tambayarsa mene ne sunansa. Kai ba ka bukatar dambe. Mai mantuwa ka tuna masa da kalma ɗaya ku wuce, ko da sau goma ne, musamman idan ya san ka tun kana yaro. Mai gangan kuwa ka gaya masa sau ɗaya a keɓe, cikin natsuwa, cewa ga sunan da kake amsawa, bayan haka idan ya kira tsohon kada ka waiwaya.