Kurakuran da aka fi yi wajen shirya tattakin yaƙi da yunwa

Tattakin tara kuɗi domin ciyar da mabuƙata ya kafu a Amurka tun 1969. A shekarar ne aka fara na birnin Boston, wanda ƙungiyar Project Bread ke gudanarwa a Lahadin farko ta watan Mayu, kuma a shekarar ne kimanin mutum 1,000 suka taka a garin Bismarck na jihar Dakota ta Arewa suka tara dala 25,000, abin da ya zama mafarin tattakin CROP, wato tattakin yaƙi da yunwa da ƙungiyar agaji ta Church World Service ke shiryawa a garuruwan Amurka. Ƙungiyoyin matasanmu da ke kwaikwayon wannan tsari sukan ɗauko riguna da kwalaye masu rubutu, su manta da abin da ke kawo kuɗin.

Kuskure mafi girma shi ne a zaci kuɗin zai zo ranar tattaki, ana tafe ana miƙa wa masu motoci kwali. A can, kowane mai tafiya yakan bi dangi da abokai da abokan aiki tun saura makonni, yana karɓar gudummawarsu, har a da akan yi alkawarin kuɗi a kan kowane mil da mutum ya taka. Gyaran shi ne a ba duk wanda ya yi rajista takarda mai lamba, ya rubuta sunan mai bayarwa da abin da ya bayar. Idan mutum 200 suka samo naira dubu-dubu daga mutum goma-goma, an haɗa miliyan 2 tun ba a ɗaga ƙafa ba.

Sai kashe kuɗi a kan buga riguna da hayar rumfa da lasifika, har ɗawainiyar ta cinye rabin abin da aka samu. Ya kamata a ƙayyade kuɗin hidima tun farko, a kuma nemi 'yan kasuwa su ba da ruwan sha kyauta.

Kuskuren da ba a cika lura da shi ba shi ne na lokaci. Tausayi kan motsa mutane a tsakiyar damina, tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare kuma sabon amfani bai nuna ba, alhali a lokacin ne hatsi ya fi tsada. Wanda ya yi tattakinsa da kaka ya sayi gero da masara a kasuwar Dawanau ko kasuwannin ƙauye, ya adana a wuri mai kyau, zai ciyar da gidaje da yawa fiye da wanda ya jira damina da kuɗi iri ɗaya. Haka nan ba a ɗauko mil 20 da Boston ta shekara da shekaru tana yi a ɗora wa mutane cikin zafin Afrilu. Kilomita 5 bayan sallar asuba ya wadatar, bayan an sanar da 'yan sanda hanyar da za a bi.

Tara kuɗi a asusun shugaban ƙungiya yana jawo zargi ko da mutumin kirki ne. A buɗe asusu da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu ko uku, a faɗi yadda za a kasafta tun farko, kamar yadda tattakin CROP ke barin kusan kashi 25 cikin 100 a garin da aka tara.

Rabo kuwa nan ne kuskure ke cin rai. A Disambar 2024 turmutsutsu ya halaka mutane a wuraren rabon abinci da kyauta a Ibadan da Abuja da Okija. Maimakon shelar a hallara a fili guda, a zauna da mai unguwa da limami a fitar da sunaye, a ba da katin karɓa, a kai wa tsofaffi da marasa lafiya nasu har gida, kuma a bar ɗaukar hoton fuskar mai karɓa domin Facebook.