Kurakuran da muke yi wajen koya wa ɗaliban jinya aiki tare da jagoranci

Zariya ba ta rasa wuraren horas da ma'aikatan jinya ba: ga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga Tudun Wada, ga Wusasa. Duk da haka sai ka ga ɗaliba ta ƙware a allura da sa ruwa, amma ba ta iya buɗe baki a gaban likita. Mu masu koyarwa muna da hannu a ciki.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne yadda muke ɗaukar shiru a matsayin ladabi. Na taɓa ganin wata 'yar aji biyu ta auna jinin wani dattijo da aka yi wa aiki, ta ga ya sauka sosai. Ta rubuta a kati, ta koma gefe ta tsaya, don likita yana magana da sista. Da na tambaye ta sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, nauyin katse su nake ji." Tarbiyyar gida ce, ba kuma zan raina ta ba, amma a ɗakin marasa lafiya tana iya cin rai. Cewa "ki daina jin kunya" ba ya gyara komai. A sa mata kalmomin a baki. Akwai tsarin SBAR, wanda asibitoci suka aro daga sojojin ruwan Amurka: halin da ake ciki, tarihin majinyaci, abin da kike zato, sai abin da kike so a yi. Da Hausa ma yana tafiya: "Ranka ya daɗe, Baba na gado na shida jininsa ya sauka zuwa 80 bisa 50. Jiya aka yi masa aiki. Ina tsoron jini yake zubarwa. Don Allah a duba shi yanzu." Ladabin yana nan, saƙon kuma ya isa.

Sai koyar da aiki tare a kan allo, ɗalibai suna kwafa don jarrabawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haddar wannan kuwa ba ta ɗaga jinkar. A haɗa su huɗu a kan mutum-mutumin gwaji, a ce numfashinsa ya tsaya. Wanda aka ba umarni ya maimaita shi da ƙarfi, in ya gama ya ce ya gama. Bayan nan a zauna su faɗi da bakinsu inda aka sami tangarɗa.

Tsawa a gaban majinyata da 'yan jinya kuwa, ɗalibin da aka yi wa sau ɗaya zai koyi ɓoye kuskurensa. A ja shi gefe.

Muna kuma barin jagoranci a hannun shugaban aji shi kaɗai, yawanci mai baki. A riƙa juya shi kowane duti, har ya kai ga wadda ba ta cika magana ba: ita za ta raba gadaje, ita za ta miƙa aiki. Miƙa aikin ma a yi shi a bakin gado da kati a hannu, ba a baranda ana saɓa jaka ba.

Jerin matakan kariya a tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ya nemi kowa ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a fara yanka. Ni ma da haka nake fara kowane gwaji, kuma daga ƙaramar cikinsu nake farawa.