Mage ko kare na cika maka gida da gashi? Ga yadda zaka zaɓi abin taje su

Ni dai abin da ya sa na fara neman mataji saboda magen gidanmu, wata Juma'a ce na ɗauko farar shaddata da na goge tun dare sai na tarar a kai ta kwana, gashi ko'ina har kan dardumar Hajiya. Hajiya ta ce ko dai a san yadda za a yi ko magen ta bar mata gida.

Kafin ka ciro ko sisi, sa yatsu ka buɗa gashin bayan dabbar ka duba. In gajere ne kwance a jikin fata irin na magen gida da karnukanmu na farauta, wallahi ba ka buƙatar wani abu mai tsada, safar hannu ta roba mai 'yan ƙuraje a tafi ko burushin roba ya ishe ka, kana shafawa tana jin daɗi gashin na maƙalewa a robar. Ko tsumma mai ɗan danshi ma yana yi.

Amma in ka buɗa ka ga wani gashi mai laushi kamar auduga a ƙarƙashin na sama, to gashi hawa biyu kenan, irin na karen Jamus da ake ce wa Alsashan, da Kokeshiyan ɗin nan da masu gidaje a GRA ke ajiyewa don gadi. Nan roba ba za ta yi komai ba sai dai ta shafe sama. Nemi mataji mai dogayen haƙoran ƙarfe kamar ƙaramin manjagara, shi ke shiga ciki ya kwaso na ƙasan da ya mutu, bayan shi sai ka bi da burushi mai siraran wayoyi. Na lura zubar ta fi yawa in hunturu ya wuce an doshi zafin Maris da Afrilu, lokacin kusan kullum sai an taje. Kuma dan Allah kar ka ce za ka aske shi tal wai don zafin Bauchi, rana za ta ƙona masa fata, kuma ba lallai gashin ya dawo yadda yake ba.

Dabara ɗaya, kafin ka biya kuɗi goga burushin a cikin damtsenka. In ya karce ka, ajiye musu kayansu. Ni ban yi haka ba, wani mai baki kamar reza na yi oda da na gani ana ta tallarsa a intanet, na dinga dannawa a wuri ɗaya don gashi na ta fitowa ina murna, washegari sai ga bayan magen ya yi ja ya ɗan sale, kwana uku in ta gan ni sai ta haye katanga. Irinsa na masu gashi hawa biyu ne, shi ma da hannu mara nauyi.

Masu magen Fasha mai dogon gashi kuwa, matajin ƙarfe mai haƙora masu faɗi a gefe ɗaya ƙanana a ɗayan shi ne naku. Bayan kunne da hammata nan yake cukurkuɗewa, a warware a hankali daga baki-baki, kar a sa almakashi don fatar mage siririya ce. Rashin tajewa ne ma ke sa ta haɗiye gashin in tana lasar jiki ta zo tana aman dunƙule.

Ka haɗa da ɗan mataji mai matsattsun haƙora na ƙuma, kana tajewa kana tsoma shi a ruwan sabulu. Kaska dai mataji ba ya cire ta, sai an kama ta dab da fata an ja. Maganin kaska na kare mai sinadarin permethrin kar ya kusanci mage, yana iya kashe ta. In kuma gashin na zuba ne a zagaye wurin ya yi fili, ƙila makero ne kuma yara na ɗauka, sai likitan dabbobi.

Matajin ƙarfe da safar roba ka leƙa kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a Bauchi, manjagaran ne sai dai ka yi oda ko ka ba mai zuwa Jos sallahu. A tsakar gida nake taje tawa da yamma in iska ta kwanta, minti biyar, in ta fara kaɗa wutsiya sai in ƙyale ta.