Yadda na gyara tsarin maki a ajina

Ina koyar da 'yan aji 4 a unguwar Nima da ke Accra, yara 46. Tunda hukumar ilimi ta Gana ta hana bulala a 2017, da maki nake lallaɓa su: wanda ya fi maki ran Juma'a ya sami biskit. Mako uku kawai abin ya yi ya mutu. Yara biyar ke lashewa kullum, sauran suka cire rai, surutu ya dawo.

Na ƙara kyauta, sidina kawai suka ƙare. Na koma zaftare maki, sai kuka da gaba.

Wata tsohuwar malama ta ce, "Ɗana, ladan na kowa ne ko na masu ƙoƙari?"

Sai na raba su rukuni 6, na gauraya masu ƙiriniya da natsattsu. Kowane rukuni da gwangwaninsa. Duk wanda ya ɗaga hannu kafin magana ko ya share wurinsa, nan take in jefa murfin kwalba ɗaya, in faɗi dalili da ƙarfi. Ba na cire murfin da ya shiga. Rukunin da ya tara 20, ko rukuni nawa ne, na da minti 15 na ƙwallo ko ampe (wasan tsalle da tafi) ran Juma'a.

Alhamdulillahi, maƙogwarona ya huta. Na gode, Hajiya.