Darasi na Bakwai: Idan Sarƙar Tayimin Ta Fara Ƙara

Wannan darasi na direba ne, da mai mota, da yaron gareji da ke koyon aiki. Za mu koyi yadda ake gane ƙarar sarƙar tayimin, wadda makanikai ke kira tayimin cen, da abin da ya kamata a yi idan an tabbatar ita ce ke kuka.

Aikin da sarƙar ke yi

A cikin injin akwai dogayen ƙarafa biyu masu juyawa. Na ƙasa shi ne karanshaf, fistin ne ke juya shi. Na sama shi ne kamshaf, aikinsa buɗe bawul da rufe shi, don iska da fetur su shiga, hayaƙi ya fita. Dole tafiyarsu ta zo daidai: duk lokacin da karanshaf ya juya sau 2, kamshaf ya juya sau 1. Sarƙar tayimin ce ke haɗa su. Siffarta kamar cen ɗin babur, sai dai ita a rufe take a bayan murfi, tana wanka da baƙin mai dare da rana.

Ba ita kaɗai ke aikin ba. Akwai gira masu haƙora da take hawa, da dogayen robobi masu tauri da take bi ta jikinsu, sai kuma tanshina, wadda ke tura robar ta matse sarƙar don kada ta saki. A yawancin motocin yanzu, ƙarfin baƙin mai ne ke tura tanshinar.

Ba kowace mota ce ke da sarƙa ba, wasu bel gare su. Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 sarƙa gare ta. Haka Camry mai filogi huɗu ta 2002 zuwa 2006, da Honda Accord mai filogi huɗu ta 2003 zuwa 2007, da tsohuwar Peugeot 504. Amma Camry ta 1997 zuwa 2001, da Golf 3 mai filogi huɗu, da Accord mai filogi shida, duk bel ne. Ka fara sanin irin injinka, kada a karɓi kuɗin sarƙa a motar da ba ta da ita.

Saurara da kyau

Lokacin da ya fi dacewa a saurari injin shi ne da sassafe, bayan mota ta kwana ba a tashe ta ba. Ka buɗe bonet, ka tsaya a gefen da fanbel yake, wani ya murza maka makulli.

Idan ka ji "kararar" na daƙiƙa biyu ko uku sannan injin ya yi shiru, mai ne ya sauka ƙasa cikin dare, tanshina ba ta cika ba sai da famfon mai ya turo shi. Wannan gargaɗi ne na farko. A wasu motocin Toyota da Honda, girar kan kamshaf mai sauya tayimin da kanta ita ma tana yin irin wannan ƙara da safe, alhali sarƙar lafiyarta ƙalau. Don haka ƙarar safe kaɗai ba ta isa a ce a kwance injin ba.

Idan kuwa injin ya yi zafi amma ƙarar na nan, ana jin ƙarfe na gogar ƙarfe a silo, tana kuma sauyawa idan an taka totur aka saki, to magana ta yi nisa. Ko sarƙar ta yi tsawo, ko tanshina ta mutu, ko robar ta karye har sarƙar na bugun murfi. Tsawon nan daga cinyewa yake zuwa. Kowace gaɓa tana da ɗan ƙusa a tsakiya, kowanne ya ɗan ci kaɗan, gaɓoɓin kuma sun haura ɗari. Idan aka haɗa, sai ka ga sarƙar ta saki.

Ga dabarar da tsofaffin makanikai ke yi. Ka ɗauki doguwar sukundireba, ka ɗora bakinta a kan murfin sarƙar, ka kara ƙotar a kunnenka. Ka matsa zuwa saman injin, ka sake ji. Ka taɓa jikin altaneta, ka ji. Inda ƙarar ta fi ƙarfi, nan matsalar take. Kafin ka sunkuya, ka naɗe hannun riga, ka tuɓe babbar riga ko rawani. Fanka da bel ba su san mai gida ba.

Akwai ƙararrakin da ke ruɗa mutane. Tafet, wato ɗan ƙarfen da ke danna bawul, yana yin "tik-tik-tik" siriri daga saman injin, a jere, ba gaggawa. Metal, wato ƴan farantin da karanshaf ke juyawa a cikinsu, idan ya ci yana yin "ƙwan-ƙwan" mai nauyi daga ƙasa, ya fi fitowa idan mota na jan kaya. Falankin ƙarfe mai kare zafi da ke jikin salansa idan ya kwance yana karkarwa, ka danna shi da sanda sai ya yi shiru. Altaneta da famfon ruwa su ma suna kuka a daidai wurin da sarƙar take. Don a raba gardama, a cire fanbel injin yana da sanyi, a tashe shi. Idan ƙarar ta ɓace, ba sarƙa ba ce. Kada a bar shi ya wuce minti ɗaya a haka, domin a motoci da yawa bel ɗin ne ke juya famfon ruwa.

Idan fitilar injin ta kama a dashbod, a sa wa motar kwamfuta. Lambar P0016 ko P0017 tana nufin karanshaf da kamshaf ba sa tafiya daidai. Idan lambar ta haɗu da ƙara, da wahalar tashi, da rashin ƙarfi, da shan mai, kusan an gama bincike.

Duba baƙin mai tukuna

Kafin a taɓa sufana, a zaro geji, wato sandar auna baƙin mai, a goge, a mayar, a sake zarowa. Idan man ya gaza, ko ya yi baƙi ƙirin ya yi kauri, daga nan za a fara. A buɗe murfin zuba mai a haska da tocila. Wani injin za ka ga cikinsa fes, ƙarfen na ƙyalli. Wani kuwa za ka ga datti baƙi ya daskare a ko'ina, har kana iya kankaro shi da farce. Dattin nan shi ke toshe ƴar ƙofar da mai ke bi zuwa tanshina.

Mafi yawan sarƙoƙin da ke lalacewa da wuri, rashin juyen baƙin mai a kan lokaci ne ya kashe su, ko jabun mai, ko filta maras kyau. Ga zafi, ga ƙurar hunturu, ga cunkoso a cikin gari, shi ya sa makanikai da yawa ke ba da shawarar juye a kowace kilomita 5,000. Wani lokaci juye da man da ya dace da sabuwar filta kaɗai kan kashe ƙarar safe.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a gareji. Mai mota ya zo da ƙara, sai ka ji an ce masa, "Alhaji, ai ba komai ba ne, mu zuba mata mai kauri, za ta yi shiru." Sai a zuba 20W-50 a injin da kamfani ya ce a ba shi 5W-30. Ƙarar takan ragu na ɗan lokaci, gaskiya ne. Amma mai kauri ya fi jinkirin hawa sama da safe, kuma ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya ci. Rufa-rufa ce kawai. Wasu masu sayar da mota ma sun san wannan dabara, saboda haka idan za ka saya, ka nemi a tashe ta a gabanka injin yana da sanyi.

Hatsarin jinkiri a fili yake. Sarƙar da ta saki tana iya tsallake haƙori. A injina da yawa, da zarar tayimin ya goce sosai, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa shi, aikin da zai tsaya a gaban injin ya koma sauke kansa gaba ɗaya.

Yadda ake gyaran

Aikin ƙwararre ne, amma mai mota ya san matakan don ya iya sa ido. Ana cire kan batir, a juye mai da ruwa, a tokare injin da jak idan sai an kwance ƙafarsa. Sai a cire fanbel, da fulin karanshaf, da murfin saman injin, da murfin sarƙar.

Kafin a cire tsohuwar sarƙa, a juya injin da hannu har fistin na ɗaya ya hau can sama, alamomin da ke jikin gira su zo daidai. Bayan an cire ta, kada kowa ya juya karanshaf ko kamshaf. Sabuwar sarƙa tana zuwa da wasu gaɓoɓi masu launi daban, kowacce a ɗora ta a kan alamarta. A ɗaura robobi, a sa tanshina, a sake ta ta matse sarƙar. Daga nan a juya injin da sufana zagaye 2 cikakku, a hankali. Idan ya cije, a tsaya nan take, kada a tilasta, akwai kuskure a tayimin. Idan ya wuce sumul, a duba ko alamomin gira sun dawo wurinsu. Gaɓoɓin masu launi ba za su dawo kan alama ba bayan zagaye biyu, wannan kada ya tayar wa yaron gareji hankali.

A canja kayan a tare: sarƙa, tanshina, robobi, da gira idan haƙoranta sun yi tsini. Sabuwar sarƙa a kan tsohuwar gira ba ta daɗewa, kuma kuɗin kwancewa sau biyu ya fi kuɗin roba. Idan ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna sayen kayan, ka tafi da lambar injin da tsohuwar sarƙar a hannu. Kayan Beljiyam suna da amfani a wurare da yawa, amma tsohuwar sarƙa ba ka san tafiyar da ta yi ba.

Abu biyu ake yawan mantawa. Idan robar ta karye, guntayenta suna faɗawa cikin kaskon mai na ƙasan injin, su toshe rariyar famfo. Dole a sauke kaskon a wanke. Na biyu, gam ɗin da ake shafa wa murfi a sa shi siriri. Idan aka lafta, rarar na ɓallewa ta ciki ta bi mai. A ba shi lokaci ya kama kamar yadda aka rubuta a jikin kwalinsa, sannan a zuba sabon mai da sabuwar filta. Tashin farko yana iya yin ƴar ƙara na daƙiƙoƙi kafin tanshina ta cika. Idan ta ƙi ɗaukewa, a kashe injin a sake dubawa.

Aikin gida

Gobe da safe, kafin ka tashi motarka ko ta maigidanka, zaro geji ka duba man. Rubuta a littafinka launinsa, da inda ya tsaya, da lambar kilomitar da ke dashbod, da ranar da aka yi juye na ƙarshe. Sannan ka saurari injin, ka rubuta abin da ka ji da kuma gefen da ya fito. Ka zo da littafin aji na gaba.